Malam Lawali da Littafinsa Mai Giɓi

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni. Ina tsugune gindin wani injin ban-ruwa a fadamar Jiratawa, hannuna baƙi ƙirin da mai, masu gonaki sun tsaya a kaina suna jiran ruwa ya hau, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Alhaji Sani ne, abokina tun muna makarantar lise. Ya yi sallama a gajarce, abin da ba halinsa ba ne.

"Haruna, kana zaune ko kana tsaye?"

"Ina tsugune. Mi ya hwaru?"

"Malam Lawali ya cika. Yau da sahe, bayan ya komo daga masallaci. Tsibiri za a kai shi in anka yi azahar. Na ce gara ka ji ga bakina."

Na yi innalillahi, na sake yi, sufanar da ke hannuna ta sulale cikin ruwa ban ko neme ta ba. Zan faɗi gaskiya tunda ranar gaskiya ce: abin da ya fara zuwa zuciyata ba addu'a ba ne. Lissafi na yi, na ga shekara huɗu ke nan ban taka zauren mutumin nan ba, kuma maganar ƙarshe da na yi masa a cikin zauren magana ce da ɗa ba ya yi wa uba. Tun daga Jiratawa har na ratsa Maraɗi a kan moto, wato babur, tambaya ɗaya ke yi mini yawo a kai: da fushina ya tafi, ko ya yafe mini?

Waɗanda suka san shi a lakwal, wato makarantar boko, sun san malamin tarihi ne, dogo siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, wanda ya koyar da rabin manyan garin nan kafin ya yi ritaya. Mutanen unguwarsu Sabon Gari sun san shi da sahun farko a masallaci da kuma raba gardamar maƙwabta. Mu kuwa, mu 'yan kaɗan, mun san shi da wani abu dabam wanda muke kira tebur. Kowace Asabar, daga bayan azahar zuwa magariba, mukan zauna a zaurensa mu biyar ko shida, mu kewaye wani tsohon tebur mai gurguwar ƙafa, mu yi wasan labari.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Kowane ɗan wasa yana da gwarzonsa a rubuce a takarda: sunansa, sana'arsa, da lambobin ƙarfinsa da wayonsa da yawan ransa. Malam shi ne mai jan labari. Zai ce ga ku a bakin wani kurmi, rana ta yi gora, kun ji kuka daga cikin wata tsohuwar rijiya, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi. In abin mai haɗari ne, sai a jefa ɗan lido, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci. 'Yan lidon namu ba irin na kasuwa ba ne kawai. Akwai mai fuska takwas, akwai mai fuska ashirin, kuma da na asali suka ɓace, wani masassaƙi a Tsibiri Malam ya sa ya sassaƙa mana wasu da icen kanya. Labarin ba ya ƙarewa da yamma. Inda aka tsaya wannan Asabar, nan za a ɗora Asabar mai zuwa, shekara da shekaru.

Dokokin wasan suna cikin wani littafi na Faransanci da wani Bature abokin aikinsa ya bar masa tun yana saurayin malami. Tsohon bugu ne ƙwarai, bangonsa ya saɓule, an ɗinke shi da zaren buhu. Kuma yana da giɓi: daga wani shafi sai ka tsallaka shafuka shida. Duk wanda ya tambaya, Malam yakan ce, "Haka shi ke," ya wuce. Mu kuma muka ɗauka gara ce ta ci, ko Baturen ne ya ba shi a haka. Ban taɓa sa ido na duba bakin giɓin da kyau ba, ni da nake taƙama da cewa makaniki ne, ba abin da ke ɓuyar mini.

A gefen littafin kullum akwai wani kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, inda ya rubuta dokokin gida da alƙalamin bik ja. Nan ne ainihin Malam yake. Ya kori mayaƙan Turawa masu sulken ƙarfe ya sa maharba da 'yan tauri da maƙera da masunta. Dodannin littafin ya musanya su da na tatsuniyoyin kakanninmu, da 'yan ruwa, da kuraye masu magana. Ƙasar labarin ma ya zana ta da hannunsa, da gulbi da fadamu da garuruwa masu ganuwa, har wani lokaci kana cikin wasa sai ka gane hanyar Jiratawa ce ya juya ta ya sa mata wani suna. Yakan ce, "Littahi ƙashi ya ba mu. Nama mu za mu sa." Ta wannan tebur na koyi tarihin Katsina da Gobir fiye da abin da na koya a aji, don a aji barci nake yi, shi ma ya sani.

Ya sha tsegumi a kan wasan nan. Da farko maƙwabta suka ce caca ake yi, wasu suka ce duba ne. Bai yi gardama da kowa ba. Ya je ya gayyato limamin unguwa, ya shimfiɗa masa buzu, ya ce ya zauna ya gani da idonsa. Liman ya zauna yana haɗe fuska, har muka kai inda wani ɗan tauri ke shirin tsallaka wata gada ta igiya. Sai muka ji liman ya ce, "Kai, kar ka bi nan, igiyag ga ta ruɓe!" Zaure ya ɗauki dariya. Daga ranar maganar caca ta mutu. Amma Malam ya rubuta dokoki biyu a kan haka, bai taɓa sassauta su ba. Ta farko, ko dala ba ta hawa tebur. Ta biyu, kiran salla ya fi ɗan lido: in ladan ya ɗaga murya alhali an riga an jefa, sai a kife ƙoƙo a kai ba wanda ya duba, a tafi masallaci, in an dawo a buɗe.

Sai kuma dokar mutuwa, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. A tsohon bugu gwarzo yana mutuwa da sauƙi. Kibiya ɗaya, ko saran maciji, ko taka wuri mara kyau, shi ke nan. Malam yana son wannan, yakan ce, "In ba a mutuwa, to wa ag gwarzo? Kowa ma sai shi shiga kogo." A teburinsa kuwa wanda ya mutu ya mutu, babu tsafi ko magani da ke ta da shi. In gwarzo ya faɗi, sai a tsai da wasa. Kowa a tebur ya faɗi abu ɗaya na gaskiya game da mamacin, ban da ƙari, ban da zuga. Sannan a naɗe takardarsa a sa cikin wani gwangwanin madara da muke kira maƙabarta. Mai gwarzon zai yi Asabar uku yana zuwa yana zaune ba ya wasa, yana saurare kawai. A ta huɗu sai ya jefa wa magajin gwarzonsa lambobi da hannunsa, magajin ya gaji abu ɗaya tak daga kayan mamacin, labari ya ci gaba. Muna samari muna yi wa wannan doka dariya, muna cewa Malam ya mai da wasa zaman makoki.

Na binne gwaraza da yawa a gwangwanin nan ban damu ba, har na samu Barmo. Maharbi ne, mai baka da wani kare mai ido ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina wasa da shi. Da Barmo na yi aure, da shi aka haifa mini 'ya'ya uku, da shi na rasa aiki na sake samu. Duk abin da mako ya yi mini, na san ranar Asabar zan zama mutumin da ba ya kuskuren harbi. Wanda bai yi wasan ba zai ce ai takarda ce. Takarda ce, amma ta yi laushi a hannuna kamar tsohuwar hula.

Ranar da abin ya faru, muna cikin wata rijiya a labari, wani dodo ya tare hanya, abokan tafiya sun ji raunuka. Na ce Barmo zai tsaya ya tare shi su haura. Malam ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka tabbata? In ɗan lido ya ba ka ƙasa da biyar, babu Barmo." Na ce na tabbata, don a raina na san sau goma sha shida cikin ashirin ni ke da nasara. Na jefa mai fuska ashirin. Bai gama juyi ba ladan ya kira la'asar, Malam ya kife ƙoƙo. Allah ya yafe mini sallar ranar, don ban san abin da na karanta ba. Jikina na sahu, hankalina na ƙarƙashin ƙoƙo. Muka dawo, ya ɗaga. Biyu ce.

A lokacin na riga na san akwai sababbin bugu na wasan. Wani ƙanena da ke karatu a Yamai ya turo mini ɗaya a waya, mai hotuna masu launi, kuma na karanta na ga a can gwarzo ba ya mutuwa da jifa ɗaya, ana ba shi dama bayan dama, in ma ya mutu akwai hanyar ta da shi. Ni kuwa mutum ne mai son sabon kaya. Aikina ke nan, in cire tsohon ƙarfe in sa sabo. Sai na ciro waya na tura masa a gaba.

"Malam, duba nan. Duniya duk ta bar wanga tsohon littahi. Akwai dokar ta da matacce, kuma na tabbata cikin naka ma akwai ta, wurin giɓin nan."

Bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Ga teburin ga, Haruna, wanda ya mutu ya mutu. Barmo ya yi mutuwar maza, ya hid da mutum huɗu. Zamna mu hwaɗi alherinshi."

Nan ne shaiɗan ya hau kaina. Na miƙe tsaye a gaban mutane, a zauren mutumin da ya koya mini rubuta sunana da kyau, na ce masa ya maƙale wa ruɓaɓɓen littafi don yana tsoron abin da bai sani ba. Na ce mulki yake so, shi ya sa yake ƙirƙiro dokoki. Sannan na faɗi wadda ta fi kowace muni. Na ce, "Kai ba ka da gwarzo, Malam, labari kawai kake ja. Ba ka san zahin ka reni abu shekara da shekaru a ɗauke maka shi rana ɗaya ba."

Malam ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce a hankali, "To, Haruna." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na bar takardar Barmo a kan tebur na fita, na ta da moto da ƙarfi don kowa ya ji.

Na kafa nawa tebur da sabon bugu, na janye masa mutum biyu. Ba zan yi wa sabon bugu ƙarya ba, yana da kyau, dokokinsa a tsare suke, ba giɓi ko ɗaya. Amma mun yi wata bakwai ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji tsoro, har ya zama ana tsakiyar faɗa da dodo mutane na duba waya. Teburin ya watse da kansa. A lokacin na fara kewar tsohon littafin, da warin takardarsa, da yadda zuciya ke bugawa in Malam ya ce ka tabbata. Na gane cewa abin da nake so a wasan shi ne ainihin abin da na yi fushi a kansa. Sai dai ganewa daban, tafiya ba da haƙuri daban, ni kuwa Allah ya yi ni da taurin kai.

Sau biyu muka haɗu a cikin shekarun nan. Sau ɗaya a kasuwa, sau ɗaya wurin ɗaurin aure. Duka biyun shi ya fara miƙo hannu, ya tambayi iyali da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aikin fadama. Bai ce uffan a kan tebur ba. Ni kuma na fassara shirun da cewa ya shafe ni daga littafinsa. Alhaji Sani, wanda bai taɓa fashin Asabar ba duk da harkokin kasuwancinsa, ya yi ta ce mini, "Kai dai taho mu tahi, tsoho na hwa, ba ka san gobe ba." Kullum amsata ɗaya ce, Asabar mai zuwa. Na yi ta faɗin haka har Talatar nan ta riga Asabar zuwa.

Na iske an gama yi masa salla a Tsibiri, ana shirin ɗaukar makara. Na kutsa na sa kafaɗa. Bai da nauyi ko kaɗan, wannan ya ba ni tsoro, don ban san ciwo ya ci shi haka ba. Mutane sun cika maƙil, tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa, ma'aikata, manoma. Da aka fara mai da ƙasa na ce a zuciyata, Malam ka yafe mini, amma na san na makara. Magana ce da ya kamata kunnensa ya ji.

Ranar sadakar uku, a gidansa na Sabon Gari, ina zaune can gefe ina ɓoye fuska, aka ce mini Inna Hadiza, matarsa, tana kirana ciki. Matar nan ta shekara ashirin tana aiko mana da kunun tsamiya zaure, ta san komai. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, sannan ta turo mini wani kwando: littafin, da shuɗin kaye, da ƙoƙo da 'yan lido, da gwangwanin maƙabarta.

"Ya ce in ta Allah ta kasance, kai za a ba."

"Inna, ni? Ni da na yi mishi abin da na yi?"

"Buɗe gwangwanin, ka duba can ƙasa."

Na zazzage takardun gwarazan da suka mutu, wasu tun kafin in san teburin. A can ƙasa akwai wani ƙunshi a leda. Na warware, sai ga shafuka shida na littafin, sun yi ja don tsufa. Bakinsu a miƙe yake sak, yankan reza. A kan na farko akwai hoton wani mai farar riga ya ɗaga hannu a kan gawa. Dokar ta da matacce ce, cikakkiya, da lambar da za a jefa da komai.

Inna Hadiza ta kau da kai ta dubi bango, ta yi magana ba ta kalle ni ba.

"Kahin ku san shi, muna da ɗiya. Ta hwarinmu. Ba ka taɓa jin sunanta ba, don ka san ba mu hwaɗi. Shekararta bakwai. Ita ta hwara wasan ga da shi, bisa tabarma, tana da wata 'yar sarkin ruwa da take wasa da ita. In 'yar sarkin ta mutu sai ta yi kuka, shi ko shi buɗe wanga wuri, shi jehwa, shi ce ta tashi. Da damina zazzaɓi ya kama ta. Muna gidan likita, jikinta kamar wuta, ta buɗe ido tac ce mishi, Baba, in na mutu ka jehwa mini in tashi. Yac ce mata to. Da munka komo daga rufe ta, ya ɗauki reza ya shiga ɗaki. Ya yi shekara biyar bai taɓa littahin ba. Da ya koma wasa da ku, yac ce ba ya ƙara hwaɗa ma ɗan kowa cewa ana tashi."

Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuka irin na yara, da majina da komai, a gaban matar da ita ya kamata a lallasa. Mutumin da na ce bai san zafin rashi ba, ashe kunyar 'yar fari ce ta rufe masa baki, ya zauna ya haɗiye maganata bai kare kansa ba, alhali kalma ɗaya ta isa ta kashe ni da kunya a wurin. Ga shafukan da na yi shekara huɗu ina fushi a kansu a hannuna, na same su a ranar da na fi kowa son su yi aiki, kuma takarda ce kawai.

Na ce, "Inna, ranar da na hwaɗa mishi maganag ga, mi yac ce da ya shigo gida?"

"Bai ci tuwo ba. Na tambaye shi, yac ce, yaron bai sani ba. Bai ƙara komi ba, kuma ban taɓa jin ya kira sunanka da hushi ba. Duba cikin kayen."

A tsakiyar kayen akwai wata takardar gwarzo, sabuwa, da rubutunsa na jan bik. A sama ya rubuta: Ɗan Barmo, maharbi. Mai shi, Haruna. Gado, bakan ubansa. Wuraren lambobi duk fari fat, bai cika ko ɗaya ba. A ƙasa ya sa layi guda: shi zai jefa da hannunsa. Gefen takardar ya yi dauɗa da alamar yatsu. Daga baya Alhaji Sani ya gaya mini cewa kowace Asabar Malam yakan ciro ta ya ajiye a wurin zamana, ya danne da dutse, in an tashi ya mayar. Na ce don me bai taɓa gaya mini ba? Ya ce Malam ya hana, ya ce in na zo don an kira ni, kunya ce za ta kawo ni, shi kuwa so yake in zo don ina son wasan.

Wannan ce amsar tambayar da na taho da ita daga Jiratawa. Ya yafe mini tun ranar, kafin in san girman laifina. Ta sanyaya mini zuciya, ta kuma ƙona ta, don Asabar ɗari biyu da wani abu mutumin nan yana ajiye mini wuri, ni ina can ina jiran ya fara magana.

Asabar da ta wuce muka taru a zauren, mu biyar, da izinin Inna Hadiza. Kujerarsa muka bari ba kowa. Ba shi da takardar da za mu naɗe, don mai jan labari ba ya da gwarzo, amma muka bi dokarsa: kowa ya faɗi abu ɗaya na gaskiya, ban da ƙari, ban da zuga. Wani ya ce bai taɓa ganin ya ɓoye jifa ya canza lamba ba, ko don ya taimaki wanda yake so. Alhaji Sani ya ce shi kaɗai ne a garin nan bai taɓa kiransa Alhaji a tebur ba, Sani yake ce masa, ya kuma kashe masa gwarzo kamar na kowa. Da aka zo kaina sai na ce a wuce ni. Wannan rubutu shi ne nawa kason, na biya shi a makare kamar yadda na saba.

Sannan Alhaji Sani ya ciro takardar Ɗan Barmo ya ajiye a gabana, ya ce na yi Asabar ukuna har da ƙari, in jefa. Na ɗauki 'yan lidon kanya, na watsa su a tebur. Ladan ya kira la'asar. Alhaji Sani ya miƙa hannu ya kife ƙoƙo. A wannan sallar ban tuna da abin da ke ƙarƙashin ƙoƙo ba ko sau ɗaya; Malam nake roƙa wa gafara tun daga kabbara har sallama. Da muka dawo aka ɗaga, lambar ƙarfi ta fito ƙarama ƙwarai, Ɗan Barmo ya zo duniya rago, da kyar zai ja bakan ubansa. Na ɗauki jan bik na rubuta ta yadda ta zo, ban yi gardama ba. Shafuka shidan nan kuwa na mai da su ledarsu, na sa a ƙasan gwangwani inda ya ajiye su. Muddin littafin yana hannuna, da giɓinsa zai zauna.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya yafe wa wanda bai ko nemi yafiya ba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ilimin da ya bayar a aji da wanda ya bayar a zaure su zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Inna Hadiza da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ka tsare mutuncin gidansa, ka sa mu zama masu amfani gare su a bayansa. Ka shirya masu taurin kai irina, su je su ba da haƙuri tun kunnen da za su faɗa wa yana ji. Kuma a ranar da kai kaɗai ke ta da matattu, ka tashe shi tare da 'yarsa da bai iya faɗin sunanta ba, ka haɗa su a Aljanna Firdausi. Amin.